Keken Wata Tara

A wajen 'yan gwangwan na tsinci firam ɗin,
can bayan Ƙofar Marusa,
tsakanin mataccen janareto da ƙafar gado.
Rabe ya aza shi a sikeli, ya ce kilo uku,
ya sayar mini kuɗin ƙarfe.
Bai san tsuntsu ne aka fige ba.
Na rungumo shi kamar ɗan da ya ɓata jiya.

Ni malamin lissafi ne, aji huɗu.
Na san kayan da albashi ke iya ɗauka,
na san wanda ke karya masa ƙugu.
Na ware shafin ƙarshe na littafin darasi,
na tsaga shi biyu da jan biro:
nan abin da nake so, nan abin da ke aljihu.
Tsakaninsu akwai tafiya.

Watan farko samfefa kaɗai na iya.
Dare bakwai ina kankare tsatsa a zaure
har yatsuna suka daina jin zafin tuwo.
Hassu ta leƙo, ta ce, "Malam, gawar me ake wa wanka?"
Ta koma ciki da dariya.

Wilin gaba gwanjo ne daga Jibiya,
na baya daga rumfar Iro mai faci,
ba uwa ɗaya, ba uba ɗaya.
Sufoki talatin da biyu na ɗaure da hannuna,
in ja wannan, wancan ya yi fushi,
kamar rabon faɗan yara in an tashi tara.
Kwana uku yana mini rawa
kafin ya nutsu ya karɓi taya.

Na bar shayin Sada na safe,
na bar tsiren ranar albashi,
na koma taka sayyada zuwa makaranta.
Kwasar adashi ta zo a wata na shida,
na riga na raɗa mata suna: giya da sarƙa.
Daren nan zazzaɓi ya kwantar da Hajjo.
Kuɗin giya suka zama ruwa leda uku,
ina kallon su suna ɗiga cikin hannunta.
Wannan ban sa shi a shafin ba.
Ran da ta tashi ta nemi koko
na ce giya ta jira, tunda an samu lafiya.

Sirdin na tsohon keken kawuna ne.
Kan, mai lanƙwasa kamar ƙahon rago,
na naɗe shi da tub da na yanka siri-siri.
Man keken ɗinkin Hassu ya shiga sarƙa,
ba ta sani ba, ko ta sani ta ƙyale.
Birki ɗaya kuɗina suka kai,
na ɗaura shi a baya.

Asubar wata Asabar, ruwa ya ɗauke,
na hau hanyar Daura.
Kwalta a jiƙe, kwaɗi na ta gardama,
gero ya yi bununi dama da hagu,
iska ta cika mini riga kamar ta san ni.
Na wuce wani tsoho a kan baƙin keke
da buhun taki, ko sallama ban tsaya ba.

Kafin Mashi feda ta kwance.
Ina tsugune ina lalube cikin ciyawa
sai ga ƙiiƙi-ƙiiƙi, tsohon ya iso.
Ya jingine buhunsa, ya zaro sufana daga aljihu.
"Nawa ka saye shi?"
"Ban saya ba, Baba, haɗa shi na yi."
Ya dubi fari, ya dubi baƙin wili,
ya ce, "Ai na gani."
Ya ɗaure notin, ya tofa, ya shafe,
ya ce in riƙa gaida mutane a hanya.

Da dare na buɗe shafin zan haɗa jimla.
Hajjo ta kifa keken a tsakar gida,
tana juya feda da hannu biyu,
wilin na shan hasken fitila, yana tsit-tsit-tsit.
Na riƙe biro, na daɗe.
Na rufe littafin ban haɗa ba,
cinyoyina na zugi tun daga Mashi,
ina lissafin abin da ya rage zuwa Daura.